Ƙarar da Muka Ji, Ni da Surukina

Ranar Asabar ɗin da ta gabata ce, da hantsi, a tsakar gidana da ke Kafanchan. Mu huɗu ne: ni, da matata, da autarmu, da saurayin da ke neman aurenta. Tsohuwar motata ta kwana biyu tana ɗigar da ruwa, in an yi 'yar tafiya kuma sai allurar zafi ta haura. Yaron ya ce kada a kai ta gareji, shi zai zo ya canja famfon ruwan injin da kulocin fanka a gida. Ba makanike ba ne, malamin lissafi ne a wata sakandare. Ya zo da sababbin kayan a kwali da akwatin sifanu na aro, ya jingina wayarsa a jikin batir tana nuna masa wani yana irin aikin daki-daki. Ni kuwa aka ajiye mini kujera a inuwar mangwaro. Na zauna ina kallo, hannuwana a kan gwiwa ba su da abin yi, sai raina ya soma komawa wani tsakar gidan, inda ni ne saurayin.

A zamaninmu, a ƙauyukan nan namu na kudu, ba a neman aure da baki kaɗai. Sai saurayi ya yi wa uban yarinya noma. Da ruwan farko ya sauka zai tara tsaransa su doshi gonar surukin da garemani a kafaɗa, mai kiɗa a gaba, su jera su yi ta huɗa har rana ta karkata. Daga nesa ake jin su: saran garma a jiƙaƙƙiyar ƙasa, wani ya ba da waƙa sauran su amsa, matan gida na tafe da ƙoren kunu a ka suna guɗa. Dattawa na zaune a bakin gona, kuma ba huɗar kaɗai suke dubawa ba, mutumin suke aunawa. Akwai dokokin da kowa ya sani ba tare da an koya masa ba. Ba ka cin abinci a gaban surukinka, ba ka ɗaga ido ka dube shi, ba ka kiran sunansa, kuma ko cewa ya yi rana daga yamma take fitowa, amsarka ita ce, haka ne, Baba. Yanzu gonar an bar wa tarakta da maganin feshi, saurayi kuma yana iya zama kujera ɗaya da uban yarinya suna gardamar ƙwallo. Ban ce wannan ya fi wancan ba. Abin da na gani nake faɗi.

Ni matsalata ita ce ban taɓa noma ba. A barikin reluwe aka haife ni, nan Kafanchan, mahaifina yana cikin masu gyaran injin jirgi. Abin da ya tashe ni daga barci tun ina ƙarami shi ne usur ɗin jirgin safe da dukan guduma daga loko, rumfar gyaran injin jirgi, da muryar mata masu tallan dafaffiyar gyaɗa a bakin tasha. Harshen kakannina ma ban iya shi sosai ba, Hausar bariki na tashi da ita, na goge ta a makaranta har ta kai ni karanta labarai a wani gidan rediyo a Kaduna. Abin da na gada daga mahaifina shi ne kunne da 'yan sifanu. Yakan kwance keken maƙwabta ko injin niƙa a ƙofar ɗakinmu ranar hutu, yana aiki yana magana kamar da kansa yake. Yakan ce, noti ɗaure shi ake yi, ba kashe shi ba. Yakan kuma ce, ƙarfe yana magana, amma sau ɗaya yake faɗi, in ba ka ji ba sai ka ji a hanya.

Yarinyar da nake so, wadda a wannan Asabar ɗin take zaune kusa da ni tana tsinke alayyafo, 'yar wani manomin citta ce a ƙauyen da ke gefen hanyar Zonkwa zuwa Kachia. Dattijon ikilisiya ne, mutum mai kaurin wuya da ƙarancin magana, kuma shi kaɗai ke da mota a ƙauyen, wata tsohuwar a-kori-kura da kowa ya dogara da ita ranar kasuwa. A shekarar ya ajiye busasshiyar cittarsa a rumbu tun rani yana jiran ta yi daraja. Ta yi darajar a farkon damina, daidai lokacin da motar ta soma tafasa tana fesar da ruwa ta gindin fanka. Dattijon da ke shiga tsakaninmu shi ya kai maganar, cewa yaron nan bai iya garma ba amma ɗan mai gyaran jirgi ne, ko za a bar shi ya gyara motar a madadin noman? Amsar da aka kawo mini gajera ce. Baba ya ce, “Aiki aiki ne. In motan ya kai Kachia ya dawo, ya yi noma.”

Na iso ranar da akwatin mahaifina a bayan keke, da sabon famfo da sabon kuloci da na sayo a layin 'yan kayan mota. Ba kiɗa, ba tsara, ni kaɗai. Amma 'yan kallo sun taru kamar ranar gayya, domin ba a taɓa ganin an yi noman suruki da sifana ba. An shimfiɗa tabarmi a gindin ɗorawa, Baba na kan kujerarsa ta katako, kusa da shi ƙanin matarsa, wanda kowa ke kira Kawu, mutumin da Allah ya ba baki bai ba shi birki ba.

“Kai mai rediyo,” in ji Kawu, “nuna mana hannun ka.”

Na nuna, kaina a ƙasa.

“Ku duba, jama'a, kamar na jariri! To in ba ka iya huɗa ba, yarinyan mu zai ci labarun duniya ne da safe?”

Aka yi dariya har da mata a bakin madafa. Ban tanka ba, ba a tanka wa irin wannan. Na buɗe bonet na soma.

Har yau zan iya jera aikin nan ido rufe. Na tara daro na kwance bututun ƙasa na lagireto, ruwan ya zubo ja wur da tsatsa, don ruwan rafi ake zuba masa. Na sassauta fambel na cire. Na kwance fanka tare da kulocinta, wato dunƙulen ƙarfen nan mai haƙarƙari da ke tsakaninta da famfo, wanda in inji ya yi zafi yake kama ta ta juya da ƙarfi, in ya huce ya sassauta mata. Tsohon ya mutu, da yatsa ɗaya sai fankar ta yi ta wulwulawa kamar ba ta da mai ita. Famfon kuwa da na girgiza shi sai ya yi ta ƙwal-ƙwal. Na kankare tsohon gaskit da wuƙa har fuskar ƙarfen ta yi sumul, na shafa wa sabon giris, na zaunar da famfon, na ɗaure notocinsa ɗaya nan ɗaya can don ya zauna daidai. Tun ana yi mini ba'a har aka koma shiru, sai ƙarar sifana da kukan kurciya a kan ɗorawa. Da rana ta take aka kawo mini faten acca a bayan rumbu inda ba mai ganina. Yarinyar ce ta kawo. Ta dubi baƙin man da ya ɓata mini riga ta danne dariya ta juya.

Aikin ƙarshe shi ne notoci huɗu da ke riƙe kulocin da fankar a goshin famfo. Ƙanana ne, ƙusoshin da suke hawa ba su fi kaurin fensir ba. Na ɗaure su yadda aka koya mini, har inda hannu ya ji sun zauna, sannan ɗan ƙari kaɗan, na tsaya. Na mayar da fambel, na goge hannu.

“Yaro, ka gama?” in ji Baba. Wannan ce maganarsa ta farko gare ni tun safe.

“Na gama, Baba.”

“Kawo in sa hannu.”

Al'ada ce. Ko a gona, mai gona ke yin saran ƙarshe ya sa albarka. Na miƙa masa sifanar da hannu biyu. Ya gwada notin farko, ya girgiza kai. Mutum ne da ya saba ɗaure buhun citta har igiya ta yi kuka, a wurinsa abin da bai gagari hannu ba bai ɗauru ba. Ya sa aka miƙo masa wani guntun bututun ƙarfe, ya zura a ƙotar sifanar don ta yi tsawo, ya ja. Na farko ya juya. Na biyu ya juya. A na uku ne na ji ƙarar. Ba babba ba ce, ƙas, kamar an karya tsinken tsintsiya a cikin aljihu. Mutanen da ke kan tabarma ba su ji ba. Ni da ke tsaye a kafaɗarsa na ji, kuma na san ƙusar ce ta tsage daga ciki. Na ga hannunsa ya tsaya na ɗan lokaci kaɗan. Sannan ya wuce na huɗu, ya ja shi, ya ajiye bututun.

“Yanzu ya ɗauru,” in ji shi.

“Haka ne, Baba,” na ce.

Aka cika lagireto, aka tayar da mota. Ta yi ta ruri lafiya lau, ko ɗigo babu. Mata suka yi guɗa. Baba ya cire hula ya yi addu'a, ya roƙi Ubangiji ya tsare fita da shiga, muka ce amin. Ina amin ɗin ina lissafin yadda zan koma kan notin nan. Amma ta ina? In kwance abin da surukina ya ɗaure a gaban jama'arsa, daidai yake da in ce masa bai san abin da yake yi ba. In ja shi gefe, ba ni da wannan matsayin, ko inuwarsa ban isa in taka ba. Nan take kuma samari suka soma loda buhuna, shi yana tsaye a gaban motar yana nuna musu. Saurayi ba ya kai faɗuwar rana a gidan surukai. Na ɗaure akwatina a keke na yi sallama. A hanya na yi ta gaya wa kaina cewa uku sun isa su riƙe fanka, alhali na ga irin jan da aka yi wa ukun.

Washegari motar ta tashi da cittar shekara guda, da mata a kan buhunan, cikinsu har da uwar yarinyar. Ba ta kai Kachia ba. A wani gangare mai ramuka fankar ta tsinke ta shige cikin lagireto ta yayyaga shi, ruwan zafi ya tashi sama kamar hayaƙi. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo. Amma hadari ya riga ya haɗu, kuma ba su da tamfol mai kirki. Ruwa ya sauka a kan busasshiyar citta tun daga hantsi har la'asar. Wanda ya san citta ya san abin da wannan ke nufi. Kafin a samo wata motar ta kwashe ta, ta soma furfura, a ƙarshe aka sayar da ita a wulaƙance. Matan suka dawo gida a ƙafa, a jiƙe, zannuwa manne da jiki.

Ba sai an tambayi wanda ya gyara motar ba, duk ƙauyen sun kalle shi yana yi. Kafin mako ya zagayo 'yan mata sun saka ni a waƙar daka, da harshensu, wanda na ji isasshe don in gane: mai rediyo ya yi noma, fanka ta tashi sama ta bar shi. Sunan Mai Fanka ya bi ni. Kawu bai sake kira na da wani suna ba har ya koma ga Ubangiji, ko a ranar da aka yi wa ɗana na fari baftisma da shi ya gaishe ni. Mahaifina kuwa da labarin ya iso bariki bai yi faɗa ba. Ya karɓi akwatinsa, ya duba sifanun ɗaya bayan ɗaya, ya tura shi ƙarƙashin gado. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na je ban haƙuri, na durƙusa a ƙofar zauren Baba. Ya kafa ido a wani wuri sama da kaina. Can ya ce, “Ƙarfe ne. Yana karyewa.” Shi ke nan. Makonni suka wuce ba labari, har na fid da rai. Sai ga mai shiga tsakani da saƙo, wai in turo manyana a sa rana.

Ga yadda na fassara abin, kuma da wannan fassarar na rayu har na yi furfura. Na ɗauka cewa Baba ya san shi ya karya ƙusar, ya ga na ɗauki kunyar a kaina ban tona shi ba, sai ya saka mini da 'yarsa. Duk lokacin da aka kira ni Mai Fanka, ciwon yana nan, amma a ƙarƙashinsa akwai wani ɗan sanyi da nake ji ni kaɗai: ai ni na san abin da na rufa. Ko matata ban taɓa gaya wa ba. Da tsufa ya zo har na soma auna yaran yanzu da wannan mudun, ina cewa a raina, wa zai iya irin shirun da muka yi?

Ina cikin wannan tunani a inuwar mangwaro sai na ji ƙas. Na miƙe ban sani ba. Ashe wata irin sifana ce yaron ya aro, mai doguwar ƙota, wadda ake saita ta, in noti ya ɗauru daidai sai ta yi ƙara da kanta. Ya kai kan notocin kuloci. Na matsa na tsaya a kafaɗarsa har ya gama na huɗu.

“Ka gama?” na ce.

“Na gama, Dadi.” Haka yaran yanzu ke kiran kowane dattijo.

Ban san lokacin da na ɗauki wata sifanar daga akwatin ba. Wani abu ne ya taso mini. Motata ce, gidana ne, 'yata ce za a ɗauka, kuma tun safe ba abin da hannuna ya taɓa. A lokacin ne na fahimci Baba fiye da duk shekarun da na yi ina gaishe shi. Na ɗora sifanar a kan noti na ji kamar da saura, na gyara tsayuwa zan ja.

Yaron ya dafa bayan hannuna. “A'a, Dadi, don Allah kada ka ƙara. Ya kai iyakarsa. In ka ja zai karye, kuma ba yau za mu sani ba, sai kuna kan hanya da Momi.”

A gaban matata da 'yata ya faɗa, da murya a sake, yana kallon idona. Autar ta ce, “Kai, haka ake yi wa Dadi magana?” Ya ce, “To in bar shi ya karya? Ke za ki tura motar?” Ta kai masa duka da tsumma, suka yi dariya. Ni kuwa kunnuwana suka yi zafi kamar ranar da na durƙusa a ƙofar zaure. Na ajiye sifanar na koma kujerata. Suka tayar da mota suka fita gwaji.

Na ce wa matata, don in huce, “Kin ga yaran zamani. Mu a da, ko me suruki ya yi, ba ka buɗe baki.”

Ba ta ɗago daga alayyafonta ba. Ta ce, “Na sani. Kamar yadda ba ka buɗe ba ranar notin Baba.”

Na juyo na dube ta.

“Kana tsammani ba mu sani ba? A ranar da su Mama suka dawo a jiƙe ya faɗa mata, ina bayan ƙofa ina hura wuta. Ya ce shi ya karya, ya ji ƙarar. Ya ce kai ma ka ji, don ya ji numfashinka ya tsaya a bayansa.”

“To ai shi ya sa ya ba ni ke,” na ce.

Sai a lokacin ta ajiye tiren. “Shi ya sa ya kusa hana ka. Cewa ya yi, yaron nan ya ji, ya san abin da zai faru, ya bar ni na ɗora mata a kan mota. Ya ce mutumin da zai ji gida yana tsagewa ya ce haka ne Baba, ina zan kai masa 'yata? Makonnin nan da ka ji shiru, maganar da ake yi ke nan.”

Da kyar na tambaye ta, “To me ya sauya shi?”

“Mama ce. Ta gaji da maganar, ran nan tana tuƙa tuwo ta ce masa, to kai da ka ji, me ka ce? Ba kai ka ɗora mu ba? Bai sake tayar da zancen ba. Da gari ya waye ya aika a kira manyanka.”

“Duk shekarun nan ba ki gaya mini ba.”

“Kai ka tambaya? Na ga kana jin daɗin abinka.” Ta ɗauki tiren ta shige madafa.

Na zauna ni kaɗai da tabon ruwan tsatsa a kan siminti. Kunyar da na sha a ƙauyen nan, ta waƙar daka da sunan Mai Fanka, na ɗauke ta shekara da shekaru kamar wanda ya ɗauki kayan wani don lada. Ashe nawa ne. Matan da suka taka daga gangaren nan zuwa gida cikin ruwa ba su san komai game da ladabina ba, kuma ko sun sani ba zai busar musu da zane ba. Ina kewar kiɗan gayya, ina kewar usur ɗin jirgi da faten acca a bayan rumbu, kuma ba zan fasa kewarsu ba. Amma shirun nan da nake taƙama da shi, na daina sa shi cikin abubuwan da zamani ya ƙwace mana.

Da suka dawo, yaron ya buɗe bonet ya leƙa ƙasa, ba ɗigo. Ya zo ya ɗan rusuna ya ce, “Dadi, ka yi haƙuri da maganar ɗazu.” Na ce masa ya wanke hannu ya zo mu ci abinci, a tire ɗaya.

Ranar Litinin na tuƙa motar zuwa Kachia, matata a gefena, muka dawo kafin la'asar. Allurar zafi ba ta motsa daga tsakiya ba. Manyan yaron za su zo ƙarshen wata a sa rana.